Mahauci da Butar Ubansa

Bari in ba ka misali. Wani mahauci ne, da ƙuruciyarsa shi ke koro shanu da ƙafa tun daga kara, kasuwar shanu, har mayanka, jikinsa kamar icen ƙirya. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sami benci a gindin rumfa ya zauna. Abincinsa tsire ne mai kitse, tafiyarsa kuwa a kan babur, ko da nan da masallaci ne. Tumbi ya fito, mutane suka ce hutu ne, shi ma ya yarda. Yana haura hamsin fitsari ya fara yi masa gardama. Ya matsu ya ruga, ya tsuguna sai ɗigo, ya miƙe kuma ya ji da saura. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, har matarsa.

Ran nan ya kai wa yayarsa ziyara, wadda ita ta yi jinyar mahaifinsu. Kafin su gama hira sau huɗu yana ɗaukar buta yana zagayawa. A na huɗun ta kawar da kai, don maganar ta yi wa bakin mace nauyi, amma ta daure ta ce, "Haka Baba ya riƙa ɗaukar buta. Mun ce wa mutane zazzaɓi ne ya kashe shi, alhali fitsari ne ya toshe masa, ya ɓoye har ƙodarsa ta lalace. Baffa ma haka ya tafi. Ba zan yi shiru a kan na uku ba." Ransa ya ɓaci, ya fita ko sallama babu. Amma washegari sai ga shi a asibiti. Likita ya gaya masa akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji da ke girma da shekaru har ta matse hanyar fitsari. Abin yakan bi jini, yakan yi wa baƙar fata sammako, zama wuri ɗaya da teɓa kuma suna ƙara masa ƙarfi. Shekaru da gado ba yadda za a yi da su, amma benci da kitse suna hannunsa, kuma ya zo ƙodarsa ba ta taɓu ba.

Ya sha magani, ya jingine babur, ya koma bin shanu da ƙafa, abokan sana'a na yi masa tsiya wai arziki ya gudu. Da ya sami sauƙi ya je ya durƙusa gaban yayarsa yana hawaye, ya ce ta yi masa abin da ba wanda ya yi wa Baba. Daga nan ya tara ƙannensa maza a zaure, ya ba su labarin gidansu da bakinsa, bai rage komai ba. Biyu daga cikinsu suka sunkuyar da kai, ashe su ma sun daɗe suna fama. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.