Bakin Tafinta

Ana tsakiyar wa'azi a 'yar majami'armu ta Tawa, Baturen mishan ya nuna wata mata, ya ce da Faransanci ta je wurin boka neman haihuwa. Asiri ne da ta ba shi amana ta bakina, don ni ne tafinta.

Na ƙura wa ƙadangaren bango ido, ko zai ara mini magana.

Na ce, "Ya ce mu yi wa 'yar'uwarmu addu'a."

Sai mijinta ya miƙe, tsohon sojan Faransa da ba kalmar da ta wuce shi. Matar ta rufe fuska.

Ya dube ni. "Malam, juya mishi abin da ka faɗi, shi ma shi koya."