Ƙarƙashin Fenti

Da Inna ta iso bakin bodar Jibiya da kaskon ƙosanta, sai ta tarar bangon da take zama a gindinsa ya sauya. Wata ƙungiyar masu zane ta shafe shi tas, ta zana uwa rungume da ɗanta.

"Inna, ya yi kyau ko?" in ji shugabar ƙungiyar. "Duk mun goge ƙazantar nan."

Cikin ƙazantar har da lambar wayar da autan Inna ya rubuta mata da gawayi ranar da ya tsallaka Nijar. Ba ta da waya, ba ta iya karatu ba. Duk Juma'a takan roƙi wani ya duba bango ya kira mata shi.

"Ya yi kyau, ɗiyata," ta ce.

Da suka watse, ta sa farce daidai ƙirjin uwar, inda lambar take, ta fara kankarewa.