Mai Wankin Barikin Tondibangu

Bonkana mai wanki ya shanya rigunan soja goma sha biyu a kan waya, inda duk mai bin hanyar kogi zai hange su. Ya ja ƙofar barikin ya rufe, ya gangaro gari, domin Amiru, sarkin garinmu, ya kira taro.

Sunan watan ya ɓace mini. Na dai tuna ana yankan shinkafa.

Shekara shida ke nan baƙin sojoji suna zaune a kan tudun yashi, arewa da Tondibangu. Gwamna ya aiko yana tambayar kowane gari: su zauna ko su tafi? Mutanen daji kuwa, masu bindiga a kan babura, sun riga sun aiko da tasu maganar. Ranar da tutar bariki ta sauka, ranar za su shigo, kuma suna riƙe da sunan duk wanda ya taɓa yi wa baƙi aiki. Mutum talatin da ɗaya. Sunan Bonkana ne a sama, tun da shi kaɗai ya rage yana shiga. Sauran an sallame su bayan bam ɗin da ya tashi a ƙofa bara.

A bakin kasuwa Arkiya mai gasa takula, burodin garinmu, ta tare shi.

"Kai, mai wanke wandon Nasara! Mako uku mutanenka ba su aiko sayen takula ba. Laifin me na yi musu?"

"Nasu na gwangwani suke ci yanzu, Inna."

"Allah ya ƙara musu ciwon ciki."

Ya ciro gwangwanin kifi biyu daga aljihu ya ajiye mata a faifai, ya wuce. Kwanan nan yana yawan rabon irin wannan, ba wanda ya tambayi dalili.

An taru a ƙarƙashin tsamiyar gidan Amiru. Ba a yi hayaniya ba. Garin ya gaji da hayaniya tun shekara ta biyu. Wani ya ce baƙi sun gina rijiya. Wani ya ce rijiyar ta ƙafe. Wani ya ce ko jirginsu ma ya daina hana mutane barcin rana, wataƙila sun fara jin kunya.

Sai Hamma Sidi masunci ya miƙe. Ɗansa aka harbe a shingen bariki, yana dawowa da taru a kafaɗa, don bai ji abin da aka ce masa da harshen da bai sani ba. Ya nuna hasumiyar tsaro da ke can nesa, inda mai gadi yake tsaye da hular ƙarfe.

"Ku dube shi. Jiya na wuce ta ƙarƙashinsa, na zage shi, na zagi wadda ta haife shi. Ko juyowa bai yi ba. A wurinsa ban kai kare ba. Su tafi."

"In sun tafi fa, talatin da ɗayan nan?" in ji Amiru.

Wasu suka dubi ƙasa, wasu suka dubi Bonkana.

"Kai da kake cikinsu kullum," Amiru ya ce masa, "me ka gani?"

"Wanki nake gani, ranka ya daɗe."

Aka ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Amiru ya ce masu son a tafi su koma gabas da itacen, masu son a zauna su koma yamma. Na ƙirga, amma adadin ya fita daga kaina. Gabas dai ta fi cika. Har da mutum huɗu daga cikin talatin da ɗayan, suna tsaye a can kamar masu jiran kwalekwale. Bonkana bai tashi daga inda yake zaune ba.

Amiru ya ce a fara sanar da kwamanda, kada ya ji a bakin wani. Ni na rubuta takardar, da Larabci, don tafintansu yana karanta shi. Mun gode, garin ya yanke shawara, a sauke tuta kafin Juma'a. Na naɗe na miƙa wa Bonkana, tun da ba wanda ake buɗe wa ƙofa sai shi.

"Ka kawo mana amsa," in ji Hamma Sidi. Sannan ya ƙara da cewa, "Ba da kai nake ba, ɗan'uwa. Ka sani."

"Na sani."

Abin da ya biyo baya, daga bakin Bonkana na ji, bayan an daɗe.

Ya hau tudun da la'asar. Ya buɗe ƙofa da makullin da ke rataye a wuyansa. Ya shiga ofishin kwamanda, ya share yashin da ke kan tebur da gefen hannu, ya ajiye takardar, ya danne ta da kofi. Ya leƙa duron man injin wuta, ya zura kara ya duba. Zai kai kwana tara, in fitilun bango kaɗai ya kunna. Ya tsaya a gindin tuta, ya kama igiyar, ya tuna sunayen nan ɗaya bayan ɗaya har ya kai talatin da ɗaya. Ya ƙara ɗaure ta.

Sannan ya kwashe shanya, ya zaɓi riga ɗaya, ya hau hasumiya.

"Sannu da aiki," ya ce wa mai gadi.

Ya cire masa hular ƙarfe, ya gyara buhun yashin da ke madadin jikinsa, wanda ya fara karkacewa, ya sauya masa riga, kamar yadda yake yi kullum tun safiyar da motocin baƙi suka fita da sunan sintiri ba su dawo ba, kwana goma sha tara da suka wuce, suka bar masa makulli.