Mai Maganin Maƙoƙo na Gidan Igwai

"Mi ya haɗa wuya da ƙoƙon kai? Ciwo keke-napep gare shi da zai hau sama?"

"Jini ne kekensa, Baba," in ji Muhsina. "Kuma ba ya tsayawa ɗaukar fasinja."

Tun daga gida suke wannan, ga su har bencin asibiti. Malam Maccido ya gyara rawaninsa, wanda ko zafin bazarar Sakkwato bai taɓa sa ya kwance ba. Duk Gidan Igwai an san shi da maganin maƙoƙo: gari a kunu, shafi a wuya, kumburi ya sace. Haka dai allon ƙofar shagonsa ya ce.

Matarsa, Inna Ashatu, tana gefe, ta ɗaure kai tamau da kallabi, sai warin man zafi take yi. 

Wancan makon likita ta soka allura a ƙullin da ya fito a kai, mai laushi kamar nunanniyar gwanda. Awo ya nuna naman wuya ne a ciki. Ciwon daji ne na maƙoƙo, ya daɗe a ɓoye har ya kai ƙashin kai. Sai an yi aiki an cire tushen, kuma ba a taɓa wuƙa sai Malam ya yarda.

Muhsina ta shaƙe murya irin tasa, wadda ta dushe tun bara, wai don yawan karatu. "Jama'a, wanda ya kai wuyansa asibiti, rago ne ya kai kansa mahauta."

Layin ya kwashe da dariya. Inna ta rufe fuska.

"In aka yi yankan ga a gidana," Malam ya ce ƙasa-ƙasa, "wa zai sake sayen garina?"

"In ba a yi ba, Baba, wa zai sake sayar da shi?"

Aka kira su. Likita ta gaida Inna, ta ba ta kujera, ta wuce ta.

"Malam, a kwance rawanin."

Ya warware a hankali. Ƙulli a tsakiyar kai, maƙoƙo lafcece a ƙarƙashin gemu. Ya dubi likitar, ya dubi 'yarsa, ya shafa ƙullin.

"Wanga ba ciwo ba ne. Ilimi ne ya rasa wurin zama."