Mai Karanta Maƙalar Baba

"Don Allah 'yata, binciko min wannan bawan Allah," in ji tsohon malamin, yana nuna wa ma'aikaciyar laburare kwamfutar kusurwa.

Ta san labarinsa. Tun da ya sa hannu ya sallama wa mujallar haƙƙin maƙalarsa, ko shi ba ya iya buɗe ta a gida sai ya biya. Shi ya sa duk Talata yake lallaɓowa laburaren jami'a. Tun rasuwar matarsa babu mai tambayarsa me ya rubuta, amma duk zuwansa sai ya tarar masu karatun sun ƙaru da ɗaya.

"Jikina ya ba ni mutum ɗaya ne, bai taɓa fashi ba. Shi nake so in bar wa littattafaina."

Ta shiga na'urarta ta duba. Duk daga kwamfutar kusurwa ne, duk ranar Talata. Ashe buɗewarsa ake ƙirgawa.

Ta ɗago, ta ga har ya gyara zama yana jira.

"Baba, ba su nuna suna ba."

Ya yi murmushi. "Ba komai. Ai sati mai zuwa ma zai dawo."