Sifika Biyar a Falon Usta Fikri

Usta Fikri, tsohon gwanin aikin lantarki, yana kan tsani, da ƙusa biyu a baki, yana rera waƙa ta hanci. Shekararsa saba'in da ɗaya, amma tun safiyar Juma'ar nan yake rawar jiki a falonsa na unguwar Shubra kamar wanda aka biya wa kujerar Makka. Sifika biyar ya sayo, da wata ƙatuwa mai gurnani, da akwatin da ke raba musu sauti.

"Abu Tahani, wai yaushe za ka gama aikin nan ne?" Muryar matarsa Nagwa ce daga wajen kicin.

"Saura ƙiris, ranki ya daɗe!" ya amsa, har ƙusa ɗaya ta faɗo.

Gaggawar tana da dalili. Da an sauko daga masallaci 'yarsu Tahani za ta iso da mota da akwatuna. Ta riga ta yanke hukunci: gidan ya yi shiru da yawa, a tattara a koma wajenta a sabuwar unguwa. Shi kuwa Fikri nan aka kawo masa amarya, kuma ya rantse ba zai bar gidan ba sai an fitar da shi a kafaɗa. Shiru take kuka da shi? To, yau za ta ji.

Takardar kamfani ta ce uku a gaba, biyu a baya. Fikri ko kallonta bai yi ba. Ya kafa ɗaya saman ƙofar kicin, ɗaya a baranda kusa da tukwanen na'ana'a, ɗaya gefen keken ɗinki, ɗaya a lungun ɗakin kwana, ta ƙarshe a bakin ƙofa.

Amm Sabir mai gadi, wanda ya hawo masa da kwalaye hawa huɗu, ya juya takardar sama da ƙasa.

"Usta, ba haka hoton ya nuna ba fa. Fim ɗinka a karkace zai fito."

"Wanda ya zana hoton ya taɓa kwana a gidan nan? Miƙo min sukundireba, masani."

"Wannan abin naka yana aiki kuwa?" muryar Nagwa ta katse su. "Ni dai ina ta zuba, ban sani ba ko kana jina."

"Ras nake jinki!" Fikri ya tuntsire da dariya har tsanin ya girgiza.

Amm Sabir bai yi dariya ba. Ya dubi silifas ɗinsa, ya yi salati a hankali, ya ce ya bar ƙofar ƙasa a buɗe.

Fikri bai ma lura da fitarsa ba. Ya rarrafa ƙarƙashin kafet da waya, ya manne ja da ja, baƙi da baƙi, ya sumbaci rimot. Shekara tara ya yi yana aikin lantarki a Kuwait, ba ɗan akwatin nan ne zai kunyata shi ba. Ƙatuwar ta yi gurnani sau ɗaya, wani kwalin takalmi da ke kan talabijin ya yi tsalle. Nan take ya rungumo shi ya mayar cikin kabad, ya kulle.

"Abu Tahani, wai yaushe za ka gama aikin nan ne?"

Nagwa ba ta gajiya da maimaita tambaya. Sai dai wannan karon daga baranda ta yi ta.

"Me ya kai ki can da tsakar rana, ke da ba kya son zafi?" Ya dafe kai, ya koma bayan akwatin ya musanya waya biyu, yana yi wa kansa tsiya.

Can ya ji ƙauri. Miyar lalo ta kama a kan wuta. Ya ruga ya sauke tukunyar, ya ƙona yatsa, ya dawo yana tsotsarsa yana murmushi.

Tahani ta shigo da akwati biyu da fuskar da take yi wa masu gardama a kantin maganinta. Ta dubi wayoyin da suka zagaye bango.

"Baba, sinima za ka buɗe? Mun gama wannan maganar fa."

"Zauna nan tsakiya, 'yar baba. Minti ɗaya, in bai yi miki ba, ni zan sa kayana a akwati."

Ta zauna tana duba agogo. Ya ɗauko rimot. Ya danna.

"Tahani!" aka kwaɗa daga kicin. "Sauko daga kan kujerar nan kafin ki faɗi!"

Mace mai shekara arba'in da huɗu ta miƙe zumbur. "Na'am, Mama!"

Sai ta toshe baki. Dariya ta fito daga gefen keken ɗinki, sai 'yar waƙa daga baranda. Tahani ta riƙa juyi a tsakar falo, tana kuka tana dariya.

"A sabon gidan," in ji Fikri, "ta wace ƙofa za ta kira ki?"

Tahani ta leƙa matakala ta ce wa Amm Sabir ya zo ya mayar da akwatunan mota. Ta dawo ta zauna kusa da mahaifinta, ta ce, "Sake sawa, Baba."

Ya sake danna rimot, daga saman ƙofar kicin, Nagwa, wadda suka binne shekara biyu da suka wuce, ta ci gaba da zuba cikin kaset ɗin da ta riƙa aika masa Kuwait, waɗanda yake adanawa a kwalin takalmin nan, tana tambayar yaushe zai gama aikin nan ya dawo gida.