Kurar Buhu da Alkakin Kaka

Kai da kake cika baki cewa tun daga nesa kake gane mutum, gyara zama in ba ka misali. Irinsa ba a samu a kasuwa, sai a wurina.

An yi wata tsohuwa mai jikoki biyu maza, mai allura, mai baki. Allurar ta iya ta, bakin kuwa ya fi allurar tsini. Da azumi ya yi nisa yara suka fara shirin tashe, sai ta leƙa ta kan katanga, ta ga maƙwabciyarta, wadda suka tsufa suna tsokanar juna, tana tara tsummoki da baƙin tukunya don nata jikokin. Tsohuwa ta yi dariya har ɗankwali ya zame. Ta ce bana za a san mai hannu. Ta shiga ɗakin hatsi ta zazzage buhunan dawa biyu. Wankewa? Ina lokacin wanki, ga gasa a gaba! Ta yanka ta ɗinka. Babban ta yi masa kura, da dabbare-dabbare na baƙin ƙyalle, kunnuwa na fatar tsohon takalmi, wutsiya ta igiyar guga. Ƙaramin ta yi masa biri, har da jan faci a mazaunai. Kowanne da hular da ta rufe fuska ruf, sai 'yan ramukan ido. Sannan ta soya alkaki kwano guda, ya sha zuma, ta rufe da faifai. Duk wanda ya shigo gidan sai ta gaya masa wannan na jininta ne kaɗai, 'ya'yan wasu kuwa gero ya ishe su.

Bayan an sha ruwa aka zura wa yara kaya suka fita. Ba su kai bakin rijiyar unguwa ba ƙaiƙayin dawa ya gamu da gumi. Kura ta hau susa, biri ya hau goga baya da bango. Can suka ci karo da jikokin maƙwabciya, waɗanda tun da aka fara ɗinkin nan suke haɗiyar yawu. Ciniki bai yi tsawo ba. Waɗannan suka tuɓe buhu suka karɓi tsumma da baƙin tukunya, waɗancan suka shige cikin kura da biri, kowa na ganin shi ya ci riba. Sababbin masu kaya kuwa ba wawaye ba ne, sun san inda ƙamshi yake, suka miƙe sai tsakar gidan tsohuwa. Ita ko da ta hango wutsiyar igiyar guga, ba ta nemi wata shaida ba. Ai ɗinkinta ne, ta san kowane ƙulli. Kura na tsalle tana mirgina a ƙasa, biri na karkaɗa kafaɗa kamar mai bori, tsohuwa na tafi tana guɗa. Ba ta san rabin rawar nan susa ce ba. Ta ɗauko kwano ta juye musu alkakin kaf a cikin ƙwarya, tana cewa, “Ku ci, angwayena! Ku bi ta ƙofar waccan ku ci a gabanta.” Suka bi umarni, har ma suka wuce ciki.

Ba a jima ba sai ga wasu biyu sun shigo, fuska baƙi ƙirin, tsummoki na reto, suna waƙa da muryar tsofaffi. Tsohuwa ta dube su sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta ɗebo gero a tafin hannu ta watsa musu a ƙwarya.

“Ku je ku ce wa kakarku ta zo ta koyi riƙe allura. Ba zan karɓi ko sisi ba.”

Ƙaramin ya dubi geron, ya dube ta, ya ce da muryarsa ta kullum, “Kaka, wai ina alkakinmu?”

Ta ɗauko fitila ta haska, ta dangwali yawu ta goge goshin yaro. Ga tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga kan turminta. Ta leƙa kwano, ko kiyashi ba zai ƙoshi ba. Kafin ta gama salati sai ga murya daga bayan katanga, baki cike:

“Maƙwabciya, Allah ya saka da alheri! Alkakin ya yi, sai dai baɗi a ƙara zuma. Buhun kuma a riƙa wankewa.”

Tsohuwa ta dubi katanga, ta dubi kwano. Sai ta fashe da dariya, ta hura wuta, ta ce wa angwayen nata su je su wanke fuska tukuna, ba za ta sake ciyar da wanda ba ta ga hancinsa ba.

To ka ji. Ta san zarenta, ta manta ta duba wanda ke cikin rigar. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.